Yadda Ake Gudanar da Aikin Rukuni da Gwaji a Aji da Google Docs da Google Forms

A ajin sakandare mai ɗalibai sittin, aikin rukuni a takarda yakan ƙare ne a hannun mutum ɗaya: shi ya rubuta, sauran biyar suka sa suna a ƙasa. Gwaji kuma littattafai sittin ne malami zai ɗora a bayan babur ya kai gida, ya kwana uku yana maki. Google Docs (manhajar rubutu da mutane da yawa ke iya aiki a takarda ɗaya ta intanet) da Google Forms (wurin shirya tambayoyi da karɓar amsoshi) suna rage wannan wahala, kuma ba sai makaranta tana da ɗakin kwamfuta ba. Wayoyi goma da sabis mai ɗan dama sun isa. Inda gizo ke saƙar shi ne shirin da ake yi kafin ɗalibai su taɓa waya, musamman batun wa aka ba izinin yin me. Misalin da za mu bi shi ne darasin kwararowar hamada a ajin SS2, amma tsarin ɗaya ne ko da darasin Hausa ne ko na aikin gona.

Kayan da ake buƙata

- Wayar Android ta malami mai asusun Google. Asusun yana zuwa da wurin ajiya na 15 GB kyauta, wanda Gmail da Drive da Photos suke rabawa. Gara ka buɗe sabon asusu na aikin makaranta kawai, kada hotunan gidanka su haɗu da takardun ɗalibai.
- Manhajojin Google Drive (ma'ajiyar fayiloli a intanet), Docs da Sheets (manhajar jadawali da lissafi) daga Play Store, da burauzar Chrome. Forms ba ta da manhajar waya; ta Chrome ake shiga, a forms.google.com.
- Waya ɗaya ga kowane rukuni, mai manhajar Docs a ciki. Rukuni goma na mutum shida, wayoyi goma ke nan.
- Intanet: MiFi (ƙaramar na'urar raba intanet), ko wayar malami ta raba wa sauran. Galibin wayoyi ba sa ɗaukar fiye da na'ura goma a lokaci guda, wasu ma ba su kai haka ba, don haka ka gwada tun kafin ranar.
- Fawa bank ɗaya ko biyu a cike, da igiyoyin caji.
- Allon rubutu na Gboard da aka ƙara wa harshen Hausa, idan da Hausa za a yi rubutun, saboda ƙ da ɗ da ɓ.
- Allo da alli da fallayen takarda. Ranar da sabis ya ɗauke su ne za su fitar da kai kunya.
- Kwamfuta, ko da ta aro ce daga ofis, sau ɗaya a mako. Wasu abubuwan sun fi sauƙi a kanta.

Mataki na 1: Izini da ƙidayar wayoyi

Makarantu da yawa sun hana ɗalibai zuwa da waya, musamman na kwana. Kada ka tsallake shugaban makaranta. Ka rubuta masa ranar da za a yi aikin, awa nawa, wayoyi nawa, da wanda zai riƙe su kafin darasi da bayansa. Sannan a aika wa iyaye takarda, domin mafi yawan wayoyin na iyaye ne ko na yayye. Google ba ya barin wanda bai kai shekara 13 ba ya buɗe asusu da kansa a Najeriya, saboda haka a firamare da farkon ƙaramar sakandare kada ma ka ce yara su buɗe. A yi amfani da wayoyin malamai.

Ka ƙidaya wayoyin da za su zo da gaske, ba waɗanda aka ɗaga hannu aka ce akwai ba. Yawan rukunin ya bi yawan wayoyin. In takwas suka samu, rukuni takwas za a yi.

Mataki na 2: Folda

A Drive ka buɗe folda ɗaya ta zango, misali "SS2 Zango na Biyu". A cikinta ka yi uku: ta asalin takardu, ta aikin rukunai, ta maki. Ta maki ba a raba ta da kowa. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne raba babbar foldar gaba ɗaya don sauƙi, alhali duk abin da ke cikin folda yana gadon izinin da aka ba ta. Ka raba babbar, ka raba har da takardar maki da amsoshin gwaji. Takarda ɗaya-ɗaya ake rabawa.

Mataki na 3: Gina takardar aikin

Kada ka ba ɗalibai farar takarda. Mutum shida a kan shafin da babu komai za su cinye minti ashirin suna gardamar launin rubutu. Ka buɗe Docs, ka rubuta kan aikin da umarni a layi uku ko huɗu, sannan ka saka jadawali mai ginshiƙi uku: sunan ɗalibi, tambayarsa, amsarsa. Layi shida, kowa da nasa.

A darasin hamada, kowane rukuni zai ɗauki jiha ɗaya daga jihohi 11 da ake lissafawa a sahun gaba wajen fuskantar kwararowar hamada: Sakkwato, Kebbi, Zamfara, Katsina, Kano, Jigawa, Yobe, Borno, Bauchi, Gombe da Adamawa. Tambayoyin kuma su zama masu iyaka. Maimakon "yi bayani a kan hamada", ka ce: kawo abubuwa uku da ke sa ƙasar noma ta mutu a wannan jiha, wace bishiya ake shukawa don tare iska, kuma me ya sa ita, me shirin dashen itatuwa na Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a 2007 yake son cim ma, tambayi wani dattijo a unguwarku yadda damina take a ƙuruciyarsa, ka rubuta abin da ya ce. Irin tambayar ƙarshen nan ta fi duka daraja, don ba a kwafo amsarta daga intanet. Ka sa iyakar kalmomi, kamar 80 zuwa 100 ga kowane ɗalibi. A fuskar waya, rubutun da ya wuce haka azaba ne ga mai yi da mai karantawa.

Ka guji manyan hotuna da ado. Rubutu zalla ba ya cin data sosai, hotuna ne ke sa takarda ta yi nauyin buɗewa.

Mataki na 4: Kwafi da izinin shiga

Nan ne aka fi yin ɓarna, don haka a bi a hankali.

Asalin takardar ya zauna a foldarsa, kada kowa ya taɓa. Ka danna ɗigo ukun da ke gefen fayil ɗin a Drive, ka zaɓi "Make a copy", ka maimaita har sau goma, kowane kwafi ka sa masa sunan rukuni: "Rukuni 1 Jigawa", "Rukuni 2 Yobe", haka har ƙarshe. Ka mayar da su foldar aikin rukunai.

Me ya sa ba za a zuba duka ajin a takarda ɗaya ba? Docs yana iya ɗaukar mutum har 100 a lokaci guda, amma a aikace takarda ɗaya ga rukuni goma kasuwa ce. Shafi yana ta tsalle yayin da wasu ke rubutu a sama, wani ya goge aikin wani bisa kuskure ko da gangan, ƙananan wayoyi kuma su riƙa daskarewa.

Izini iri uku ne. "Viewer" yana karantawa kawai. "Commenter" yana karantawa ya bar sharhi ko shawarar gyara, amma ba ya canza rubutun. "Editor" yana rubutawa yana gogewa. Sannan akwai hanyoyi biyu na bayarwa. Ta farko, wadda ta fi tsaro, ita ce ka bar takardar a "Restricted", ka rubuta adireshin Gmail na wayar rukunin ka ba shi "Editor". Wannan yana buƙatar ka tattara adireshi goma tun da wuri, kuma ka karɓe su a rubuce daga kan wayar kanta, don mutane da yawa ba su san adireshin da ke wayarsu ba. Mai shagon da ya saita ta ne ya buɗe musu. Hanya ta biyu ita ce "Anyone with the link" tare da "Editor". Ta fi sauri, amma duk wanda mahaɗin (link ɗin takardar) ya faɗa hannunsa zai iya shiga ya yi abin da ya ga dama. In wannan ka zaɓa, da zarar darasi ya ƙare ka mayar da shi "Viewer".

Alamar cewa ka manta da wannan mataki ita ce ɗalibai su buɗe mahaɗi su ga an ce su nemi izini, imel ɗinka kuma ya cika da saƙonnin roƙo. Hanyar kauce wa hakan ɗaya ce: ka aro wayar wani malami ka gwada kowane mahaɗi a kanta. A wayarka komai zai buɗe, tunda kai ne mai takardar.

In kowane ɗalibi kake son ya samu kwafinsa, akwai dabara. Ka ba asalin izinin "Anyone with the link" da "Viewer", ka kwafi mahaɗin, ka goge daga kalmar "edit" zuwa ƙarshe, ka rubuta "copy" a wurinta. Duk wanda ya buɗe shi a burauza za a ce masa ya yi nasa kwafin. Sai dai kwafin nasa ne, a Drive ɗinsa yake, ba za ka gan shi ba sai ya raba da kai.

Mataki na 5: Isar da mahaɗi

Mahaɗin Docs dogo ne, ba ya kwafuwa daga allo. Ka buɗe zauren WhatsApp na wayoyin nan goma, ka saita shi yadda shugabannin zaure kawai ke iya aika saƙo, ka sa wani malami ko malama a matsayin shugaba na biyu. Duk magana da ɗalibai ta tsaya a zauren. Malami ba ya bin ɗaliba ko ɗalibi ta saƙon sirri, ko da kan aikin makaranta ne. In babu WhatsApp, Chrome yana iya mayar da mahaɗi zuwa lambar QR daga wurin rabawa, sai a buga a takarda a ba kowane rukuni nasa.

Kwana ɗaya kafin darasi, kowace waya ta buɗe takardarta a manhajar Docs, a danna ɗigo uku a kunna "Available offline". Da wannan, ko sabis ya ɗauke za a ci gaba da rubutu, in ya dawo sai aikin ya hau da kansa.

Mataki na 6: Ranar darasi

Ka nemi darasi biyu a jere, minti 80. Minti 40 ba ya isa a karon farko; haɗa wayoyi da intanet kaɗai zai ci goma.

Kafin ka ba da kalmar sirrin intanet, a kashe sabunta manhajoji na kai-tsaye a Play Store, a kashe saukar da hotuna da bidiyo na WhatsApp a kowace waya. In ba haka ba, waya tana ganin Wi-Fi za ta fara sauke duk abin da ta daɗe tana jira, kan ka ce kwabo datar da ka saya ta wata guda ta ƙare, ba a rubuta ko layi ɗaya ba. Bayan darasi ka canza kalmar sirrin.

Rabon lokaci: minti 10 na haɗawa da bayani, minti 15 kowa ya rubuta amsarsa a takarda da biro, wayoyi a kife a kan tebur, minti 35 waya tana zagayawa, kowa ya shigar da tasa a layinsa, wajen minti shida ga mutum, minti 20 na ƙarshe na duba aikin juna. Rubutun biro na farko ba ɓata lokaci ba ne. Shi ke hana biyar su zauna suna kallon ɗaya, kuma shi ne shaidarka in wani abu ya goge.

A wannan lokaci kai kana buɗe takardun ɗaya bayan ɗaya a wayarka. Za ka ga rubutu yana fitowa a take. Rukunin Yobe sun cike layi huɗu, na Gombe har yanzu layin farko babu komai: ka san teburin da za ka nufa. Sau da yawa za ka tarar ba lalaci ba ne, alamar fensir da ke ƙasan fuskar wayar ce ba su danna ba, suna ta taɓa shafi yana ƙin rubutuwa.

Don duba aikin juna, rukuni na 1 ya karɓi takardar rukuni na 2, na 2 ya karɓi ta 3. In "Restricted" ka yi amfani da shi, ka ƙara su a matsayin "Commenter". In ba haka ba, mafi sauƙi shi ne a yi musayar wayoyin kawai tsakanin tebura. Ka ba su ƙa'ida: sharhi biyu, ɗaya kan abin da ya yi kyau, ɗaya tambaya. In ka bar su haka nan, "ya yi kyau" kawai za ka gani sau goma.

Mataki na 7: Gyara da sanin wa ya yi me

Kada ka gyara rubutun ɗalibi kai tsaye, don ba zai san me ya canza ba. Ka kunna "Suggest changes" a waya. Gyaranka zai fito da launi, tsohon rubutun da layi a kansa, ɗalibi ya karɓa ko ya tambaya. Inda tunanin ne ya karkace ba rubutun ba, ka zaɓi jimlar ka bar sharhi.

A kwamfuta, ƙarƙashin "File" akwai "Version history". Yana nuna yadda takardar ta kasance a lokuta daban-daban, da asusun da ya yi kowane canji. Da shi ake dawo da aikin da aka goge, kuma da shi ake gane kwafe: sakin layi mai kalma 200 da ya faɗo gaba ɗaya a minti guda ba da yatsa aka buga shi ba. Amma kada a ɗora masa abin da ba zai iya ba. In waya ɗaya mutum shida suka yi amfani da ita, suna ɗaya zai nuna, watakila ma na mahaifin ɗayansu. Don haka ka haɗa da takardar biron da kowa ya miƙa, sannan ka tsayar da mutum biyu daga kowane rukuni su faɗi amsarsu da baki.

Fayil da aka jefa a kwandon shara na Drive yana zama kwana 30 kafin ya ɓace gaba ɗaya, kuma mai fayil ɗin ne ke iya dawo da shi. Wani dalili ke nan da ya sa kai ne ya kamata ka ƙirƙiri takardun.

Mataki na 8: Gwaji da Forms

Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta, saboda haka ɗalibin da ya saba zaɓar amsa a fuskar na'ura ya rage wa kansa tsoro ɗaya.

Ka buɗe sabon fom, ka shiga "Settings", ka kunna "Make this a quiz". Sashe na farko ya ƙunshi suna, aji da lambar rajista, duka a matsayin dole. Sashe na biyu tambayoyi. Goma sun isa gwajin minti goma. A kowace tambaya ka danna "Answer key", ka zaɓi amsar daidai, ka sa maki.

Saituna huɗu ne ke raba gwaji mai kyau da na banza.

Na farko, "Limit to 1 response". In kowa da wayarsa, ka kunna. In ana karɓa-karɓa, ka kashe, domin da asusu yake ƙidayawa. Ɗalibi na farko yana aikawa, sauran biyar za a rufe musu ƙofa.

Na biyu, abin da ɗalibi ke gani bayan ya aika. Ka kashe "Missed questions" da "Correct answers". In ka bar su, na farko zai ga amsoshin ya raɗa wa na bayansa, rukuni gaba ɗaya su ci goma bisa goma. Akwai kuma zaɓin sakin maki daga baya, amma yana tilasta karɓar imel, wanda ba shi da amfani a wayar da ake rabawa.

Na uku, cakuɗa jerin tambayoyi da "Shuffle question order", da cakuɗa zaɓuɓɓuka a ɗigo ukun kowace tambaya. In ka cakuɗa zaɓuɓɓuka, ka cire amsa irin "duk na sama", tunda tana iya fitowa a farko.

Na huɗu ya shafi Hausa musamman. A tambayar da ake rubuta gajeriyar amsa, Forms yana gwada haruffa ne ɗaya bayan ɗaya. In ka sa "ƙasa" ɗalibi ya rubuta "kasa" ko "k'asa" don wayarsa ba ta da ƙugiya, ya faɗi. Ka shigar da duk siffofin a matsayin amsar daidai, ko ka tsaya a kan tambayoyin zaɓi. In kuma darasin ƙa'idojin rubutu ne, inda bambancin "ƙasa" da "kasa" shi ne abin gwadawa, to zaɓi ya fi adalci.

Forms ba ya hana ɗalibi buɗe wani shafi ya nemi amsa a wayar da ya zo da ita daga gida, saboda haka ido da zagayen malami suna nan yadda suke. Ka wallafa fom ɗin, ka ɗauki gajeren mahaɗinsa mai farawa da forms.gle, ka cike shi da kanka sau ɗaya a wata wayar, ka goge wannan amsar. Lokaci na cika ka rufe karɓar amsa.

Mataki na 9: Maki

A shafin "Responses" za ka ga matsakaicin makin aji, da jerin tambayoyin da ƙasa da rabin ɗalibai suka ci. Wannan jerin ya fi makin kansa amfani: shi ne darasin da za ka maimaita mako mai zuwa, ko kuma alamar cewa tambayar ce ba ta fito da kyau ba.

Ka haɗa amsoshin da Sheets. Ginshiƙin farko lokacin aikawa ne, sai maki, sai amsoshi. Don kama wanda ya aika sau biyu, in lambar rajista tana ginshiƙin E, ka rubuta =COUNTIF(E:E,E2) a wani ginshiƙi mara komai ka ja shi ƙasa; duk inda ya nuna 2, ka ɗauki amsar farko. Kada ka yi ta gyare-gyare a wannan shafin, ka kwashe makin zuwa takardarka ta foldar maki.

Ba a tura jerin sunaye da maki zauren WhatsApp. Bayanan ɗalibai amana ne, kuma tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane. Kowa a ba shi nasa.

Idan wani abu ya rasa

Babu sabis a makarantar: ka buɗe takardun a gida ko a cikin gari a kunna "Available offline", a yi rubutun a aji, da yamma ya hau. Forms kuwa ba ya aiki sai da intanet, don haka gwajin ya koma takarda, ko a yi shi aikin gida.

Waya ɗaya ce tak, ta malami: rukunai su yi aikinsu a takarda, wakilin kowanne ya zo ya shigar da taƙaitawa a jadawali guda, layi ɗaya ga rukuni. In akwai majigi ko talabijin a haska wa aji.

Makaranta tana da asusun Microsoft: Word na intanet da Microsoft Forms suna yin kusan duk abin da aka lissafa, sunayen maɓallan ne suka bambanta.

Google Classroom, manhajar Google ta gudanar da aji, yana sauƙaƙa mataki na 4 da na 5, domin yana da zaɓin yi wa kowane ɗalibi kwafi da kansa, ya kuma tattara su wuri ɗaya. Amma yana buƙatar kowane ɗalibi da asusunsa, kuma ƙa'idar Google ita ce makarantar da za ta yi amfani da shi da ɗalibanta ta yi rajistar Workspace for Education, wato tsarin asusun Google na makarantu, ba malami ya buɗe da Gmail ɗinsa ba. Wannan magana ce ta shugaban makaranta da mai kula da kwamfutoci. Kafin su gama, folda uku da zauren WhatsApp sun isa a kai ƙarshen zango.